Ƙofar da Ba Ta da Mota

Ranar da na kwashi adashi,
dubu sittin da biyar ɗaure da kyauro,
ko kumallo ban karya ba na nufi Ƙofar Ƙaura,
shagon Gide, inda kwalabe ke jere
kamar kantin magani, kowace da alkawarinta.

Wannan ta taya ce, in ji shi, baƙi wuluk kamar kwalli.
Wannan ta gilashi, wannan ta kujerar fata.
Wannan kuwa kaki ne,
in ka shafa, ƙuda ma santsi ke kwasarsa.
Sai ya zaro inji daga kwali, ya jona,
faifan soso ya hau juyi yana gurnani,
zuciyata ta bi shi.
Dubu arba'in da takwas, don kai ne.

Har na tsinke kyauron
Baba Rabe ya shigo neman burushi ɗaya.
Tafin hannunsa fari fat, duk faso,
ladan shekara talatin na ruwa da sabulu.
Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce,
"Yaro, motar wa za ka fara ƙonawa?

Fenti bai fi ɓawon albasa kauri ba.
Sayi bokiti biyu,
ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya,
don tsakuwa guda in ta laɓe a soso
sai ta yi wa Marsandi tsagar gado.
Bar wa matarka omonta, na tufa ne,
yana cinye ƙyalli kamar gara.
Tawul, taɓa shi a kumatunka tukuna.
Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ya sauka daga muƙami,
ya koma na taya har abada.
Kuma ka nemi inuwa kafin ka nemi kwastoma."

Gide ya tsuke baki.
"Baba, ka kashe mini ciniki da sassafe."
"Na dai raya maka mai dawowa," in ji tsohon.

Na fito da bokitaina, sabulun mota galan guda,
tawul shida, burushi mai taushin gemu,
da ƙaramin gwangwanin kaki, mafi araha.
Da canjin ya tura ni wurin 'yan gwangwan,
na sayo ƙofar wata matacciyar Golf,
shuɗiya, ta koɗe kamar tsohon rini.

A bayan Keke na kawo ta gida.
Majalisar unguwa ta kwashe da dariya:
Sada ya fara sayen mota, ƙofa-ƙofa!

Yammaci goma sha tara ina murza ta da hannu
a gindin bedin ƙofar gidanmu,
har kafaɗata ta koyi abin da kunnena ya ji.
Ran Juma'a Baba ya ara mini injinsa.
Na tsaya a gefe ɗaya daƙiƙa kaɗan,
ina kallon wani mai rake da ke wucewa.
Ƙauri ya tashi.
Shuɗin ya tafi, ƙarfe ya leƙo yana harara ta.
Na zauna a ƙasa na yi hamdala,
don ƙofar nan ba ta da mai ita
balle ya kai ni caji ofis.

Yau da hantsi, bayan ruwan daren jiya,
wata malamar asibiti ta faka Corolla,
taɓon hanyar Jibiya har madubi.
Ta miƙo makulli ba ta ko tambayi tarihina ba.
Na cika bokiti na farko. Na cika na biyu.
Hannuna na rawa kaɗan.

Can jikin bango ƙofar tana jingine,
da tabonta, da rabin ƙyallinta,
Hajjo 'yata na tsaye gabanta
tana gyara ɗaurin ɗankwali.